Ganyen kalgo a aljihun Mushe

Jiya ina shirin koya wa ɗalibaina siffofin da ɓarinsu biyu ke daidai, sai na tarar takarda ta ƙare. Na sa aka tsinko ganyen kalgo a bayan aji. Ina murza ɗaya, ƙamshinsa ya dawo mini da marigayi malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a Matankari, wanda muke kira Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci.

Aljihunsa ba ya rabuwa da ganyen nan. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ninka ka gani." In ka ninka, gefe ya hau gefe cif.

Wata rana ya tambaye mu me kuma ke da ɓari biyu daidai. Wani ɗalibi ya ce, "Fuskar mutum, Mushe, amma ban da tata." Ni ya nuna, don ƙyanda ta cinye mini ido ɗaya. Aji ya kwashe da dariya, na sunkuyar da kai.

Mushe bai ɗauki bulala ba. Ya durƙusa, ya nuna tsagar da ke kumatunsa biyu, ya ce kowa ya zo ya auna da tsinke. Ta hagu ta fi tsawo.

"Wanzami ya yi atishawa yana cikin aiki," in ji shi. "Wa zai ninka ni?"

Dariyar ta koma kansa, ni kuma na ɗago kai.

Allah ya jiƙan Mushe, ya yalwata masa kabarinsa, dama da hagu daidai.