Tafkin da Ke Tambayar Yawan Shanu

Bara na tafka wata wauta. Ina so Baba ya bar ni in buɗe shafi a soshiyal midiya kamar sauran ’yan ajinmu, sai na ari wayar Umma na ɗauki bidiyon gwaji don in burge shi. Na nuna ƙofar gidanmu a Rogo, na nuna garke, na ƙirga shanunmu ɗaya bayan ɗaya da murya kamar mai shela, har na faɗi hanyar da suke bi zuwa kiwo wajen Falgore. Na kai masa ina washe baki.

Baba ya kalla har ƙarshe. Wallahi har kajin gidan sai da suka yi tsit.

"Wa ya gani?"

"Babu kowa, Baba. Gwaji ne."

"Goge shi a gabana. Ɗan gidan nan ne zai faɗa wa duniya yawan shanunsa?"

A gidanmu ba a faɗin adadin shanu, ko ga suruki, kuma na sani sarai. Da ma tsoron Baba ɓarayin shanu ne da masu ɗauke mutane, ni kuma ga shi na zana musu hanya kyauta.

Ranar na tuna da Iya, kakata ta wajen uba. Muna ƙanana, duk hutu a wurinta muke yi, a Yola ta Ƙaraye. Bayan magariba, an sauke tuwo, sai mu kewaye murhu, ta tura gyaɗa cikin toka. Hasken garwashi yana kama rabin fuskarta, ɗaya rabin kuwa ban taɓa son sanin abin da yake yi ba. Ni take fara tsokana.

"Maigidana, matso mana. Mai tsoron inuwarsa ne zai riƙe ni?"

"Ai na sake ki tun jiya, Iya."

"To bari in ba ka tatsuniyar da za ta sa ka yi biko da gudu."

Wani yaro ne makiyayi, in ji ta, ya tarar da tafki a tsakiyar daji, ruwansa kwance lumui. Duk wanda ya leƙa, mutanen garuruwa bakwai za su gan shi, ya ji suna tafi suna yabonsa. Abin ya yi wa yaro daɗi. Kullum sai ya zo ya yi rawa, ya busa sarewa. Rannan, daga ƙarƙashin ƙarar tafin nan, wata murya ta taso. Nan Iya take rage tata muryar har sai mun haɗa kai.

"Yaro mai kyau, shanun nan na bayanka nawa ne?" Ya faɗa. "Ina suke kwana?" Ya faɗa. "Kai fa, wane ɗaki ne naka?"

Sai ta tsaya tana juya gyaɗa, kamar ba ita ta jefa mu cikin masifa ba. Da gari ya waye, garke ko kofato babu. Sai sawu jiƙe, daga bakin tafki har ƙofar ɗakinsa.

"Iya, yaron fa?"

"Mutanen garuruwa bakwai suna ta tafi. Ko ɗaya bai zo ba."

Mako guda ban leƙa randa ba. Ƙishirwa ta kusa mayar da ni kilishi.

Shekara da shekaru na ɗauka dabarar hana mu wanka a kududdufi ce. Sai da na ga fuskar Baba na gane: yaron ya daɗe yana leƙe lafiya lau, amsar da ya bayar ce ta cinye shi. Ni kuwa ko tambayata ba a yi ba na amsa.

Bayan kwana uku da goge bidiyon na sami Baba yana ɗaure maraƙi. Na durƙusa.

"Baba, tafkin nan zan leƙa, amma ba zan amsa masa ba."

Igiya ta tsaya a hannunsa.

"Kai ma Iya ta ba ka wannan tatsuniyar?" Ya ƙarasa ɗaurin. "Ni wata guda na yi ina alwala ido rufe."

Bai amince ranar ba. Sai bayan babbar sallah ya kira ni gaban Umma ya jero sharuɗɗa: shafin a wayarta, lambar sirri a hannunsa, ba fuska, ba gida, ba shanu, kuma duk baƙon da ya yi min tambaya in kawo masa. Yanzu tantabaruna kawai nake sakawa. Mabiyana goma sha huɗu ne. Ɗaya Baba ne, kuma har yau bai yaba ko ɗaya ba.