Shekarar da Na Sare Masarata

Gonata tana bayan gidanmu, a bakin ƙauye, daga ita sai dajin da ya miƙe har wajen Sabuwa. Tun rasuwar maigidana ni nake noma ta, kuma abin da take ba ni ba ya kai mu bazara.

Wata shekara malamar gona ta zo daga Faskari ta tara mu mata, ta raba mana irin masara da takin zamani, ta nuna mana tazarar shuka. Masarar ta tashi baƙa wuluk, ta wuce tsawon namiji. Mata kan biyo ta hanyar rijiya don su kalle ta kawai.

Ta fara goyo ke nan na shiga cire ciyawa da hantsi. A tsakiyar gonar na tarar da wuri a tattake, an kwantar da karare kamar an zauna an daɗe. Ga guntayen sigari, ga sawun takalmin roba. Na tsuguna a wurin, sai na ga daga nan ana hangen ƙofar gidanmu da turken shanun maƙwabcina. Ban san da wace ƙafa na fito ba. Kowane ganye ya taɓa ni sai in ji kamar hannu ne.

Na je wajen mai unguwa. Ya zo ya duba.

"'Yan bindigar daji ne suka ɓuya a ciki suna leƙe," ya ce. "Ɗiyata, sai a sare ta yau."

"Baba, ko gasawa ba ta isa ba."

"Na sani."

Ban bari kowa ya sa mata adda ba, ni na sare abata. Matan ƙauyenmu suka tsaya a bakin gona suna duban daji, ni ina sara ina waiwaye. Da babur ya yi ƙara can nesa duk muka watse, ashe mai sayar da kifi ne.

Hatsin da muka ci shekarar nan, kowace mace ta auno mini daga nata. Da malamar ta dawo na kai ta ta ga kututturan. Damina ta gaba gyaɗa da wake ta kawo mana, abin da ba ya wuce gwiwa. Su nake shukawa har yau.