Furen Baba da Ruwan Alwalar Iya

Har yau, da zarar an gama ɗaure gero an sa a rumbu, sanyi ya fara shiga ƙashi, sai raina ya ɓaci ba wanda ya taɓa ni. Yarana sun saba, lallaɓa ni kawai suke yi. Ni kuwa na san daga inda abin ya samo ni.

A ƙauyenmu, yamma da Illela, kakata Iya Dije, uwar Babana, tana da lambun furanni a bayan ɗakinta. Lambu dai a baki, ɗan wuri ne da aka kewaye da kara saboda awaki. Maƙwabta dariya suke mata, wai tsohuwa ta rasa abin shukawa sai wanda ba a miya da shi. Rijiyarmu ga nisa ga zurfi, kuma Innata ce ke jan ruwan, don haka Iya ta kafa doka: ko moɗa ɗaya ba a ɗiba daga randa don fure. Ruwan alwala ne abincinsu. Kowa a gidan yana da dutsen tsugunonsa, da shukarsa a gaban dutsen. Ta Iya ɗoɗɗoya ce mai ƙamshi. Ta Baba wani ɗan itace ne mai jan fure, wanda ta karyo reshensa a harabar likita. Mai wasa da salla, shukarsa ce ke fara tona masa asiri, ni kam na sha zagi a kan haka.

Shekarar da gero bai yi ba, Baba ya bi samarin gari zuwa Libiya, da alkawarin zai dawo kafin shuka. A ranin farko Iya raba alwalarta take yi, wata a nata dutsen, wata a nasa. Damina ta zo ta wuce, ba shi ba labarinsa. Da ɗari na biyu ya shigo, ya shigo da mugunta. Da safe sai ka ga bakin ganye ya yi baƙi ya nannaɗe, ruwan buta yana yanka hannu. Sai Iya ta koma dutsen Baba gaba ɗaya. Da magariba ta lulluɓe itacen da tsohon zanenta, da asuba ta fita da sandarta. Inna ta yi roƙo ta gaji, ta ce ta zauna ɗaki a ɗumama mata ruwa. Iya ta ce ruwan zafi dafa saiwa yake yi. Ko an ɗumama, ajiyewa take ya huce. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga ƙirji.

Duk da haka ba ta fasa mana tatsuniya ba. Bayan isha'i mukan zagaye kaskon wuta a ɗakinta, ni da ƙannena, hayaƙin kara yana sa mu hawaye, dankali yana gasuwa a toka. Ranar da nake nufi ta gyara murya ta ce, "Ga wata nan tahe, ku matsa mata wuri." Muka ce mun matsa.

Wai Ɗari wani tsoho ne dogo mai farin bargo, kowace shekara bayan girbi yakan bi gida gida yana duba mazaunin mutane. Duk inda ya tarar da wurin mutum ya bushe, sai ya ce mai wurin ya tafi ke nan, ya rufe hanya a bayansa, ko yana son dawowa ba zai gane gida ba. Akwai wata tsohuwa da ɗanta ya yi nisa. Kullum sai ta jiƙa wurin zamansa, har ciyawa ta fito. Ɗari ya zo ya ga wurin a jiƙe, ya tambayi mai shi, ta ce yanzun nan ya zagaya. Ya sake zuwa, ta ce ya tafi masallaci. Daga baya ya gane wayonta. Ya ce ya ƙirga mutanen gidan, ya ƙirga ruwan, dole akwai busasshen wuri guda, kuma shi ba ya fita hannu wofi. Sai tsohuwa ta nuna masa nata.

Iya ta tsaya nan, ta koma tona dankali. Na ce to sai me ya faru? Ta ce ɗan ya dawo mana. Na ce tsohuwar fa?

"Ke dai kin cika tambaya, uwar surutu. Amshi dankalinki. Ta ƙare, kowa shi ja mayahinai."

Inna tana bakin ƙofa tana jinmu. Na ga ta tashi ta fita.

Iya ba ta ga ƙarshen ɗarin nan ba. Bayanta Inna ta ci gaba da tsugunawa a dutsen Baba, tana yi tana faɗa ita kaɗai, wai an bar mata wahala. Zafi ya fara shigowa sai ga Baba a bayan amalanke, ya rame, da ƴar jaka guda. Ashe tsare su aka yi a can. Ya yi kukansa a zaure. Da la'asar ya ɗauki buta ya zagaya baya, na bi shi. Itacensa ya yi jajir da fure. Kusa da shi ɗoɗɗoyar Iya ta zama tsinke. Ya daɗe a tsaye, sannan ya kira Inna ya tambaye ta tun yaushe ta bushe. Ta gaya masa. Sai ya bar dutsensa, ya tsuguna a na Iya, ya zuba ruwan a kan tsinken. Haka ya riƙa yi kullum. Ba ta tsiro ba, kuma da aka gama girbi rumbu bai cika ba, ya sake tafiya.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tsohuwa mai wayo ce. Sai da na girma na gane sallama Iya ta yi mana, mu kuwa muna cin dankali. Kuma gaskiya na yi shekaru ina jin haushinta. Itace ne fa. Da ta zauna ɗaki, da wataƙila ya same ta da rai, ni ma da na ƙara shekaru a gindin kaskonta.

Yanzu ina Birnin Ƙonni, famfo yana tsakar gidana, ruwa ba abin tashin hankali ba ne. Babban ɗana Sani ya bi hanyar kakansa, tun ƙaramar salla wayarsa ba ta shiga. Akwai furen da ya shuka a gwangwani bayan kicin. Ina iya cika bokiti in zuba masa, na sani sarai. Amma jiya da asuba ƴata ta kama ni a can da buta, ta ce, "Inna, ki bari in ɗumama miki mana, kina tari fa." Na buɗe baki in yi mata tsawa, sai na ji na ce ruwan zafi dafa saiwa yake yi.