Munduwar da ta ƙi tsayawa a hannuna

Ni dai tun tasowata siririya ce. A unguwarmu ta tsohon gari mata har tsokanata suke yi, wai in iska ta taso in kama bango. Ban taɓa sa abin a rai ba sai da na haifi ɗiyata ta fari, aka dawo da ni gidanmu wankan jego.

A wurinmu mai jego ba ta komawa ɗakin miji sai da kumatu da wuya. In ta koma a rame, ba ita za a zaga ba, uwarta za a zaga. Innata kuwa aikin fata take yi, jakunkuna da matasan kai, da shi ta rene mu. Mijina ɗan manya ne. Babansa babban ma'aikaci ne a ma'adinin gawayi na Anu Araren, uwarsa kuma Bazabarma ce, mace cikakkiya, wadda in ta zauna a kujera kujerar ta san an zauna. Abin da ke hana Inna sakat ke nan, kada surukata ta dube ni ranar arba'in ta ce gidan masu ɗinkin fata ba abinci.

"Ke ƴar nan, ba ki gane ba," in ji Inna. "Bafillata in ta rame, a ce jininsu ne. Buzuwa ƴar babban gida, tun tana ƙarama ake ɗura mata nono har tashi ya gagare ta. Zabarmawa kuwa har gasar ƙiba suke yi. Mu fa? Mu in muka rame, sunan abin yunwa."

Ta ɗauko munduwar azurfa ta kakata, ta tura mini ita har sama da gwiwar hannu. Ta ce ranar da munduwar nan ta kafe a nan ta ƙi motsi, ranar za ta huta.

Wayyo cikina! Da safe kunun kanwa mai zafi. Kafin ya sauka ga fura an dama da cuku da dabinon garin Fashi, mai kauri har ludayi ya tsaya a ciki. Da rana gasasshen nama da yaji, da la'asar nonon raƙumi. In na ce na ƙoshi, Inna ta zauna gabana ta zuba mini ido, sai na ga gindin ƙwarya. Wallahi na ci, ban yi ha'inci ba ko sau ɗaya. Amma kullum in na sauke hannu, sai munduwa ta sulalo, ƙililin, ta faɗa cikin kwano. Inna ta yi salati ta koma madafa.

Wata maƙwabciyarmu ta kawo ƙwayoyin ƙiba daga kasuwa, ta ce kafin a ankara zan cika zane. Inna ta raka ta har ƙofar gida da tsintsiya. "Ɗiyata ba tunkiyar layya ba ce!" Ta dawo tana huci, ta ƙara mini fura.

Ranar arba'in ta zo ina nan yadda nake. Inna ta rasa dabara, ta ɗaura mini zane uku a ƙarƙashin na ado, a cikin zafin Agadas ɗin nan. Gumi kamar an watsa mini ruwa. Motar surukata ba ta iya shiga lungunmu, dole ta sauka a bakin hanya ta tako, ta iso tana haki. Aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo ruwa da fura.

Na fito ina tafiya da ƙyar, na durƙusa zan gaishe ta. Ina dafa ƙasa, munduwar nan ta sulalo ta fice daga hannuna, ta gangara har gaban ƙafarta. Na saci kallon Inna, na ga ta sunkuyar da kai, sai tausayinta ya kama ni har idona ya ciko.

Surukata ta ɗauki munduwar tana juya ta. Ta san ko ta mece ce. "Mu da zare muke awon ƙibar mai jego," ta ce. Sannan ta miƙa hannu. "Ku ba ni jikata."

Aka miƙa mata jaririya. "Wash! Wannan buhun gero ne ko mutum?" Ta buɗe zanen goyon, ga cinyoyi sun yi ninki-ninki. Ta zura munduwar ta ƙafar yarinyar, ta tura sama. A cinya ta kafe, ko motsi ba ta yi.

"Hajiya," ta ce wa Inna, "ba inda ya kamata kika auna ba. Ga inda furarki ta sauka."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Surukata ta ce ita lokotoron asibiti ya sa ta rejim, wato rage ci, saboda tansiyo, hawan jinin nan, matan buro masu aikin ofis ma yanzu wahala suke sha su zama kamata. Tana faɗa tana kai ludayin fura baki, har ta nemi ƙari.

Inna ta share ido da bakin mayafi, ta harare ni. "Tashi ki je ki cire zannuwan nan kafin ki sume mini." Ta karɓi jikarta, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Gida-gida ta bi a lungunmu tana ɗaga zanen goyo, da munduwar a cinyar yarinyar. Gidan mai ƙwayoyin nan ta fara shiga.