Magen da muka yi takaba tare

Shekarun baya, da Allah Ya karɓi ran maigidana, yara duk sun yi aure sun watse. Daga ni sai magensa muka rage a gidanmu na unguwar Bulabulin. Ni ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na ce kar ta gyara mini magana.

A shekarunsa na ƙarshe, kullum bayan la'asar sai ya zauna kan tabarma, ya jiƙa busasshen kifi a ruwan ɗumi, ya cire ƙaya, ya murmushe shi da yatsu, sannan ya ba magen. Ni kuwa in yi ta yi masa tsiya: "Malam, ni da na haifa maka 'ya'ya ba ka taɓa cire mini ƙaya ba." Sai ya ce, "Ke ai haƙoranki lafiya lau." Na ɗauka wasa yake.

Da na shiga takaba, mage ta daina ci. Idan na jefa mata kan kifi, za ta taho da sauri ta kama, sai ta saki, ta koma kan tabarmarsa ta kwanta. Masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Hajja, dubi ikon Allah, dabba ma ta san rashi." Maganar ta yi mini daɗi. Bayan sadakar arba'in kowa ya koma harkarsa, ita kaɗai ta rage tana ramewa tare da ni.

Ta rame har haƙarƙarinta ya fito, yawu yana dalala daga bakinta. Wata rana maƙwabciyata, Babarbariya mai sayar da turare a Kasuwar Litinin, ta shigo duba ni. Ta ɗaga magen, sai ta kau da kai.

"Hajja, baƙin ciki ba ya wari haka."

Ta ɗage mata leɓe. Dasashi ya kumbura ya yi jajur, haƙoran ciki sun yi baƙi, ɗaya har yana girgiɗa. Ta ce likitan dabbobi za a kai ta.

Na ce, "Ba na shanu da tumaki ba ne? Kuma ina takaba in fita saboda mage, me duniya za ta ce?"

"Wa ya ce ki fita? Zauna. Amma in ta mutu a kan tabarmar nan, kuka biyu za ki yi."

Ta sa ta a kwando, ta rufe da tsohon zane, ta tare keke. Ranar ce na fara sanin yadda gidan yake babu motsin kowa.

Da yamma suka dawo. Likita ya yi mata allurar barci, ya cire ruɓaɓɓun haƙoran, ya goge sauran, ya ba da magani. Maƙwabciyata ta ce ya gaya mata mage tana ɓoye ciwo, kuma wannan ya daɗe. Har ya tambaya, "A da wa ke tausasa mata abinci? Shi ya riƙe ta zuwa yanzu."

Ashe Malam ya gane bakinta na ciwo, ya yi iya abin da ya sani. Ni kuwa ina jefa mata kan kifi mai tauri, ina yaba mata juyayi.

Da bakin ya fara warkewa, na zauna a inda Malam yake zama bayan la'asar, na jiƙa kifi, na cire ƙaya, har ɗaya ta soke ni. Magen ta cinye tas, ta lashe yatsuna. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza.

Ta ƙara shekaru kafin ita ma ta tafi. Shi ya sa nake roƙon mai mage ko kare mai gadi: ka riƙa leƙa bakinsu. In ka ji wari, ko ka ga dabba tana son abinci tana tsoronsa, kar ka jira, ka kai ta a duba.

Yarana suna tsokanata, wai abokiyar takabata ciwon haƙori take yi. Ina barinsu su yi dariya. Ni dai na san hannun Malam ta rasa, kuma har gobe idan la'asar ta yi, ni ma shi nake nema.