Karfata Ɗaya, Baki Talatin

Ana fitowa daga sallar asuba muka bar Isa, ni a kan keke, ɗan baffana a kan wani jaki da bai taɓa yarda akwai abin gaggawa a duniya ba. Na bar aji a hannun abokin aikina na kwana biyu, muka nufi ƙauyenmu da ke gaba da Gangara kaɗan. Kowace kaka, in an gama ɗaure damma, zuriyar kakanmu takan taru can a gasa rago guda.

Hanyar ba ta canza ba tun bara, sai dai rairayi ya ƙaru. Keke ya ɗauke ni mil uku, ni na ɗauke shi sauran. A Kamarawa muka sha fura wajen wata Bafulatana wadda ta dubi gumina, ta dubi keken, ta tambaye ni ko ba shi da lafiya ne nake jan sa. Muka ƙetare gulbi da wando a naɗe, muka wuce mararrabar da ke zuwa kufan Alkalawa, tsohon birnin Gobir, rana ba ta kai tsaka ba muka hango rumbunan gida.

Gashin bana ba irin na kullum ba ne. Baffanninmu biyu suka rage, Baffa Tsoho da ƙanensa da ake kira Auta, kuma shekara bakwai ba su yi magana ba, saboda iyakar wata gonar fadama. Auta ya yi fushi ya ƙaura ƙasar Faransi, nan ƙetaren iyaka. A gidanmu manya ba su iya furta ban haƙuri ba. Abin da suke yi shi ne, babba ya kiwata rago da hannunsa, a gasa, ya cire karfata ya miƙa wa ƙarami a gaban kowa. In ya karɓa, magana ta mutu. Ragon saye ko na aro ba ya wannan aiki. Baffa Tsoho ya yi wata tara yana ba nasa dusa da harawa, ga shi ƙafa ta fara ƙin ɗaukarsa, shi kansa ba ya sa ran wata kakar. Auta kuwa ya zo da takardar ƙetare iyaka wadda za ta ƙare washegari.

Muka shiga gida. An jera itacen ƙirya, an fere sandunan da za a soke nama, yaji da ƙuli-ƙuli na cikin ƙwarya, mutum talatin na zaune shiru kamar gidan makoki. Na tambayi Gwaggo, ƙanwar su Baffa, ina ragon.

"Shina bariki, Malam," in ji ta. "Ya tahi gaida Bature."

Ashe da hantsi wani masinja ya zo da dogari, wai Bature mai rangadi ya sauka, ana neman ƙwai da itace da rago. Suka zaga gari gida-gida kamar masu zaɓen amarya, suka tsaya kan wanda ya fi ƙiba. Turken kaɗai suka bari. Mutanen da suka ci Alkalawa a zamanin da, ko ba komai, sun zo da tambura kowa ya ji zuwansu. Waɗannan da sallama suka shigo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Auta, wanda na samu yana ɗaure kayansa a zaure.

"Yaya ya san ina tahe," ya ce da ni. "Da shina son ba ni karhwata, da ya ɓoye ragon cikin rumbu. Za ni gida."

Baffa Tsoho yana jin sa daga gindin bishiyar bedi. Na roƙi Auta ya ba ni zuwa la'asar, na hau keke.

Barikin wani gida ne na jinka a kan tudu, an share gabansa tas da tsintsiyar talakawa. Na tsaya a rana ina jera Turancina a zuci, na tanadi har da gaisuwa mai hawa uku. Ba a bukace shi ba. Bature ya tafi fadama harbin agwagwa. Kuku ya gaya mini cewa maigidansa ma ba ya cin rago, warinsa na tayar masa da zuciya, kifin gwangwani yake ci. Na leƙa bayan kicin. Ragon wata tara yana cikin tukunya, an daddatsa shi, ana dafa shi da ruwa tsantsa, ba ko albasa, masinja da mutanensa sun kewaye suna jira. Ƙwace daban, wulaƙanta nama daban, su sun haɗa biyun. Karfata ɗaya ce ta tsira, tana rataye a reshe.

Na roƙi masinja da girman Allah, na ba shi labarin tsofaffin nan biyu.

"Malam, mu ma aiko mu anka yi," ya ce, yana sakace.

Sai na zaro fensir da takarda daga aljihu, na tambaye shi yadda ake rubuta sunansa, don in Bature ya dawo in nuna masa a rubuce wanda ya ci rago da sunansa. Tsinken sakacen ya faɗi. Shi da kansa ya sauko da karfatar, ya naɗe ta a ganye, har yana tambayata ko a ƙara mini da ƙwai.

Aka hura wutar da aka tanada don rago guda, aka kafa sanda ɗaya tak a gefenta. Ban taɓa ganin gashi mai ban haushi irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin wanda aka zuba wa ido haka ba. Baffa Tsoho ya ja jiki ya zauna gaban garwashi, yana juya ta, yana barbaɗa yaji, ya hana kowa taɓawa. Da kitse ya daina ɗiga, ya cire ta, ya miƙe da ƙyar, ya miƙa.

"Auta."

Auta ya dubi hannun. Sannan ya karɓa da hannu biyu, ya yagi kaɗan ya tauna.

"Yaya, gishiri ya yi yawa."

"Bakinka na Faransawa sunka ɓata. Ci ka ba yara."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Auta ya zauna ya yi ta yagar naman sili-sili, kowa ya sami abin da bai fi tsinken tsintsiya ba, muka cika ciki da tuwon gero. Da safe na bar su biyun sun nufi fadama, ɗaya na dogara da ɗaya, suna gardama kan wace tsamiya ce iyaka.

Na iso Isa da azahar, kafaɗa na ciwo. Mutane na ta yi mini barka, ni kuwa har yanzu raina bai huce ba. Na roƙi mutum da Allah ya ƙi, na nuna masa fensir ya ba ni, kuma ba ni ya ji tsoro ba, wanda ke fadama da bindiga ya ji. Tsoron da aka ƙwace ragon da shi, shi na ara na karɓo karfata. Ranar Litinin jadawali ya ce in koya wa 'yan aji huɗu amfanin mulkin Turawa. Na ce su fito da allunansu, muka yi lissafi.