Inshorar da Na Zaɓa wa Ya'akubu

Ya'akubu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, na ba shi shekara tara. A da, in ka shigo unguwar Bukan Sidi a Lafia ka tambayi Malam Ya'akubu mai koyar da kafinta, har yara za su raka ka. In ka tambayi Babandi kuwa, sai an sosa ƙeya tukuna, sannan a ce, "Au, yayan Malam, mai doya?" Ni ke nan. Ni na goya shi, amma da sunansa ake gane ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

A ƙauyen Adogi aka haife mu. Ina aji biyu na sakandare Babanmu ya yanke jiki ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutanen gari suka ce iska ce ta buge shi. Shekara uku yana kwance, ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke riƙe fartanya. Ya'akubu yana ɗan shekara biyar a lokacin, aikinsa kore wa Baba ƙuda da mafici. Littattafaina kuwa gara ce ta ƙarasa karanta su.

Bayan rasuwar Baba na ce to, in ni ban samu ba, shi ya samu. Doyata da riɗina suka kai shi makaranta. Yaron yana da hannu, ba za a ƙwace masa wannan ba. Guntun katakon da wani zai jefa a murhu, shi sai ya mayar da shi kujerar tsuguno. Ya gama kwalejin fasaha, gwamnati ta ɗauke shi yana koyar da kafinta a nan Lafia, ya auri Rabi'a, suka haifi uku. Ni ma na biyo shi gari, na kama rumfar doya a kasuwa da ɗaki biyu na haya, inda mai gidan ke ƙara kuɗi duk lokacin da ya yi mugun mafarki.

Ladabi kuwa ba a magana. Bai taɓa kiran sunana ba. In ina kan tabarma ba ya hawa kujera. Ko a gaban ɗalibansa ya gan ni sai ya durƙusa. Wannan ladabin ma haushi yake ba ni, don mutum yana so ya kama ƙanensa da laifi ko da ɗaya ne, ya samu abin huce haushi. Ya'akubu ya hana ni ko wannan.

Wata ranar Asabar ya zo rumfata yana ta murmushi, ya ce ta wurin aikinsu banki ya amince ya ba shi rancen gida, ɗaki uku da falo, a riƙa cira a albashinsa har shekara ashirin. Bakina ya ce, "Allah ya sa albarka." Ina da shekara arba'in da bakwai ina roƙon mai haya ya gyara mini yoyo, wanda na share wa majina zai riƙe makullin gidan kansa. Hassada ce, na san sunanta tun a ranar, ban dai kore ta ba.

"Saura abu ɗaya, Yaya," in ji shi. "Banki sun ce sai na yi inshorar rai kafin su ba da makulli. Ba zan sa hannu a babban abu irin wannan ba ka wurin ba."

Ranar Litinin ya goya ni a babur muka tafi ofishin kamfanin. Wata 'yar Tibi muka tarar, Mwuese, mai fara'a da saurin baki. Ta miƙe ta ba shi kujera tana "Sannu da zuwa, oga," ni kuma ta dube ni da ƙurar doya a riga ta ce, "Baba, ka jira a benci na waje." Sai da Ya'akubu ya tashi tsaye ya ce yayansa ne ni, sannan ta jawo mini kujera tana ba da haƙuri. Haƙurin ya makara, na riga na ƙulla.

"Oga, inshora ɗin kala biyu ne," in ji ta. "Na farko, in mutum ya mutu, kamfani zai biya banki sauran kuɗi, gida ya zama na madam da yara. Na biyu, ko mutum bai mutu ba, in babban ciwo ya kwantar da shi, ya kasa aiki, za mu biya. Amma wannan ya fi kuɗi kaɗan."

Na ce mu Musulmi ne, ba ma caca da ajali. Ta ce, "Babu wahala, Baba, muna da takaful, na Musulmi ne, malamai sun duba shi." Ta toshe mini wannan ƙofar.

Bambancin kuɗin a wata bai wuce na doya uku masu kyau ba. Na ga Ya'akubu ya ɗora yatsa a kan takarda ta biyu. Ya ce a hankali, "Yaya, ina ganin wannan ta fi." Mwuese ta tafa hannu ta ce, "Ka gani? Mai ilimi daban ne. Oga ya san abu mai kyau."

Mai ilimi. Da kuɗin wa? Nan zuciyata ta hau.

Na ce, "Kai da ko ciwon kai ba ka yi, me za ka yi da inshorar jinya? Ko kuɗi ne suka yi maka yawa? Ɗauki ƙaramar mu tafi, na bar rumfa ba kowa."

Mwuese ta juyo wurina. "Baba, a famili naku babu wanda ya taɓa kwanciya dogon ciwo? Irin wanda hannu da ƙafa ya mutu?"

Na dube ta ido cikin ido na ce, "A gidanmu ba ma jinya. Lafiyarmu ƙalau sai ranar da Allah ya kira mu."

Ya'akubu ya ɗago ya kalle ni. Ya tuna maficin nan, na ga haka a idonsa. Amma a wurinmu ƙane ba ya ƙaryata yayansa a gaban baƙo, ko da yayan ya ce rana daga yamma take fitowa. Na san haka sarai, shi ya sa na faɗa a gabanta. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Yaya," ya janye yatsansa, ya sa hannu a ƙaramar. Ni ma na sa nawa a wurin shaida.

Muna fita Mwuese ta ce, "In kun canza ra'ayi, ku dawo kafin wata ya ƙare, za a iya gyarawa." A hanya na yi ta jiran ya tayar da maganar in samu abin faɗa. Sai ma ya tsaya ya saya mini lemo. Zai iya komawa shi kaɗai washegari, ba wanda zai sani, amma a ganinsa wannan zagaye ni ne, kuma Ya'akubu ba ya zagaye ni. Kalma ɗaya yake jira daga bakina. Wata ya ƙare ban faɗe ta ba.

Suka tare da damina. Ƙofofin gidan duk shi ya yi su da hannunsa, na maɗaci, in ka rufe ba ka jin ko ƙara. Ranar walima ina zagayawa ina cewa kicin ya yi ƙanƙanta, rijiya ta yi kusa da katanga, sai ya ja ni gefe ya buɗe wani ɗaki da ke da ƙofarsa ta waje. Ya ce, "Wannan na Yaya ne, duk ranar da ka gaji da haya." Na ce ban gaji ba. Na ci shinkafarsu na tafi ina jin haushin har da daɗin da ta yi.

Shekara huɗu suka yi a gidan lafiya lau. Rabi'a ta shuka gwanda a tsakar gida, shi kuma ya kafa 'yar rumfa a baya yana yi wa maƙwabta gadaje a ranakun hutu. Wata safiya yana nuna wa ɗalibai yanka, zarto ya suɓuce daga hannunsa, ya bi shi ƙasa. Da na isa asibiti na yaye zanen da aka lulluɓe shi da shi, ban buƙaci bayanin likita ba. Ɓarin dama ne, bakin ya karkace daidai yadda na Baba ya yi.

Ya yi wata tara ana sa rai, daga baya aka sallame shi daga aiki saboda rashin lafiya. Abin da ake ba shi na fansho bai kai abin da banki ke cira ba. Rabi'a ta tattara takardu ta nufi kamfanin inshora, na bi ta a baya kamar wanda aka ja da igiya. Mwuese tana nan. Ta buɗe fayil, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Madam, ki yi haƙuri. Oga yana da rai. Wannan takarda ba zai biya ba sai ya mutu." Sai ta juyo da takardar yadda zan ga sa hannuna a ƙasa.

Na saki ɗakunan hayata, na tura iyalina Adogi wurin gona, na tare a ɗakin nan mai ƙofar waje. Kuɗin da nake biyan haya a da da ribar doya duk banki nake kai wa, wani watan su isa, wani watan a aiko takardar gargaɗi. Ni ke juya shi, ni ke yi masa wanka, hannuna bai manta aikin ba. Yanzu duk Bukan Sidi an san Babandi. Ina wucewa ana cewa ga ɗan'uwa rabin jiki, Allah ya ba mu irinsa. Sunan da na yi shekaru ina nema ya zo, kuma duk wanda ya yabe ni ji nake kamar ya watsa mini ruwan zafi. Rabi'a kaɗai ba ta yabo. Tana gaishe ni, tana ajiye mini tuwo, ba ta ƙarawa da komai.

Jiya da la'asar na fito da shi inuwar gwanda ina matsa masa hannu. 'Yarsa ta kawo wata takardar bankin, na cusa a aljihu, amma ya riga ya ga ambulan. Ya daɗe yana kallon ƙofar falon da ya yi. Sannan ya tattaro maganar da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya.

"Yaya, da mutuwa na yi, da yanzu gidan nasu ne."

Na ce, "Kul, kada in ƙara jin wannan a bakinka."

Ya ce, "To, Yaya." Kamar yadda ya ce a ofishin nan, kamar yadda yake cewa tun yana ɗan shekara biyar. Ya ɗora hannunsa na hagu a kan nawa, ya ce ba laifin kowa ba ne. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Saura shekara goma sha biyar a biya gidan, kuma kullum da asuba ina roƙon Allah ya ja kwanan ƙanena, alhali na san takardar da na zaɓa masa ranar mutuwarsa kawai take jira.